Miliyan 2 a hannu, masu nema shida a ƙofa: wa za a ba, wa zai jira?

Tambaya: Ni ne sakataren ƙungiyar ƴan garinmu mazauna Yamai. Garin namu yana cikin Adar, wajejen Illela. Bayan kaka mun yi karo-karo, mu na Yamai da ƴan'uwa na Abijan da Legas da Libiya, mutanen gida kuma suka kawo dammunan hatsi. Mun tara kusan miliyan 2 na sefa da buhu 15. Yanzu masu nema sun yi mana yawa: kwamitin lakwal na son aji, kwamitin masallaci na son rufi, ƙungiyar mata na son injin niƙa, samarin fada na son kayan aiki, majon likita na son a agaza da kuɗin kai marasa lafiya Tawa, ga kuma wata ƙungiyar marayu daga birni ta aiko da takarda. Dattawa sun ce a raba daidai don a zauna lafiya. Me za mu yi?

Amsa: Malam sakatare, Allah ya saka muku da alheri, kai da duk wanda ya sa hannu a aljihu. Na daɗe ina aiki da kwamitocin ƙauyuka a Adar, musamman na bankunan cimaka da na ruwa, saboda haka zan faɗa maka ra'ayina ba tare da kewaye-kewaye ba: kada ku raba daidai. Ka yi lissafin da kanka. Miliyan 2 idan aka kasa gida shida, kowa zai tashi da jika 330 da ƴan kai (jika ɗaya sefa dubu ce). Wannan ba ya gama aji, ba ya rufe masallaci, in ya sayi inji to ba ya gina masa ɗaki. Ranar rabo kowa zai yi godiya, a yi fatiha a watse. Baɗi warhaka sai ɗan Abijan ya zo ganin gida, ya tarar da harsashi babu bango, da bulo a jibge ruwan sama ya cinye su, ya tambaya ina kuɗinsa suka shiga. Daga nan in kuka sake kiran karo-karo, wayarsa ba za ta shiga ba. Niyyar dattawa mai kyau ce, gudun fitina suke yi, amma fitinar da ke zuwa bayan an ga kuɗi sun narke ta fi wadda suke gudu.

Dukan masu neman nan suna da gaskiya, babu wanda ya ƙirƙiri buƙatarsa. Don haka auna wa ya fi buƙata ba zai fitar da ku ba. Abin da nake tambayar kowane kwamiti in ya zo gabana shi ne: bayan an ba ku, wa zai riƙe abin, da wane kuɗi za a gyara shi ranar da ya lalace, kuma me kuka taɓa riƙewa a baya da za mu je mu gani da idonmu? Ka zaga ƙauyukanmu ka ƙirga fanfunan da aka yi bikin buɗewa da kiɗa da guɗa. Akwai wani da na tsaya a kansa, hannunsa a sage, zanzaro ya yi gini a bakin bututun, awaki na kwance a kan simintin, mata na wucewa ta gefensa da jarkuna a kan amalanke za su tsohuwar rijiya mai nisa. Abin da ya kashe shi wata ƴar roba ce da kuɗinta bai kai na tunkiya ba. Wanda ya gina ya tafi, ba a bar kes na gyara ba, kuma ba a ɗora wa kowa nauyin ba. Ga mu a Adar inda ruwa ke da zurfi, haƙa ke da tsada, wannan asara ce mai ciwo.

Kafin komai, ku tace zakka daga cikin abin da aka tara. Ka tambayi waɗanda suka kawo dammuna da waɗanda suka turo kuɗi: wane ne ya bayar da niyyar zakka, wane ne ya bayar a matsayin gudunmawa? Da kaka manomi da yawa ushirin gonarsa yake fitarwa, ɗaya bisa goma na abin da ruwan sama ya shayar, sai ya kawo shi wurin tarin gari yana ganin duk ɗaya ne. Zakka tana da masu ita, kashi takwas da aka lissafa a aya ta 60 ta Suratut Tauba, kuma a mazhabar Malikiyya da muke bi ba a gina masallaci ko aji da ita. Haƙƙin matalauta da miskinai da sauran waɗanda aka ambata ne. Ku zauna da limaminku ya ware wannan kason, a rubuta shi a shafinsa daban. Daga cikinsa ne marayu marasa hali da gwagwaren da ba su da mai noma musu za su samu, kuma da wannan kun riga kun amsa rabin takardar da ta zo daga birni.

Abin da ya rage, ni da za a bi tawa, kaso mafi girma hatsi zan saya da shi, yanzu, tun ana sussuka. Kai ɗan Adar ne, ka san yadda shekara ke juyawa. Da kaka manomi na sayar da tiya da araha saboda bashi da biki da tufafin yara. Watan bakwai da na takwas, lokacin da ake tsakiyar noma, rumbu ya yi ƙasa, sai ya koma kasuwa ya sayi hatsin nan da tsada daga hannun wanda ya ɓoye. In babu kuɗi ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago a gonar wani, tasa ta cika da ciyawa, baɗi ya ƙara shiga rami. Wanda ya ga 1984 da 2005 da 2010 ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. Hatsin da hukuma ke sayarwa da rangwame ta hannun OPVN, ma'aikatar cimaka ta ƙasa, yana taimakawa, amma ba ya isar kowa, kuma ba kullum yake zuwa a ranar da tukunya ke jira ba. Hatsin da ke cikin mangazar gari kuwa yana nan kusa, kuma shi kaɗai ne a cikin abubuwan da ke gabanku zai dawo muku da kuɗinsa in an riƙe shi da kyau.

Sai dai a nan ne ake faɗuwa, don bankunan cimaka da suka mutu a ƙasar nan ba su ƙirguwa. Mafi yawansu bashi ne ya kashe su. Ana buɗe mangaza sai ƙanen maigari ya zo ya ɗauki buhu "zuwa kaka", liman ya aiko, surukin ma'aji ya aiko, wa zai iya cewa a'a? Kaka ta zo ba a samu damina ba, kowa ya ce a yi haƙuri, shi ke nan. Wasu suka ce to a ba da tiya 10 a karɓi 11, malamai suka ce wannan riba ce, kuma sun yi gaskiya: hatsi da hatsi da ƙari bai halatta ba. Hanyar da na ga tana ɗorewa ita ce sayarwa hannu da hannu. A sa kuɗin tiya ƙasa da na kasuwa, amma sama da yadda aka saya, yadda zai biya buhu da dako da maganin ƙwari da ɗan hasafin mai awo. A ƙayyade tiyoyin da gida ɗaya zai saya a mako, don kada ɗan kasuwa ya turo yara su kwashe. A tsai da ranar buɗewa tun yanzu a gaban jama'a, misali bayan shuka ta kama, kada a buɗe da rani saboda wani na da suna ko aure. Wanda ba shi da ko dala, ba a ba shi bashi daga mangaza, a ba shi daga kason zakka.

Akwai wata mangaza da nake yawan ba da misali da ita. Ƙofarta kwado biyu ne, mabuɗi ɗaya a hannun wata dattijuwa, ɗaya a hannun wani malamin makarantar allo, ba a buɗewa sai su biyu sun hallara. Buhunan a kan katako suke, ba su taɓa ƙasa ba, ba su jingina da bango ba. Tiya ɗaya ce tak ake awo da ita, an ɗaura mata jan zare a baki don kada a musanya, kuma tun farko aka yanke cewa awon da tozo ne, yadda aka saya haka za a sayar. Yarinyar da ke rubutu ƴar aji shida ce, tana zaune a kan tabarma da kaye a cinya, duk wanda aka auna wa sai ta faɗi sunansa da yawan tiyoyinsa da ƙarfi kowa ya ji kafin ta rubuta. Buhu mai kilo 100 tiya 40 ne a wurinsu, in aka zazzage aka ga ya gaza, a nan take ake faɗa. Ba wani ilmi mai zurfi ba ne, amma shekara na zagayowa kuɗinsu na nan.

Wa zai riƙe muku? A nan ƙungiyar matan garinku ta shigo. Ka bincika ko suna da asusu irin na Mata Masu Dubara, tsarin nan da aka fara a jihar Maradi a 1991 tare da ƙungiyar agaji ta CARE, wanda daga Nijar ya bazu zuwa ƙasashe da dama. In suna zubi duk mako, suna ba juna rance suna karɓa, suna raba kuɗinsu a ƙarshen zagaye ba tare da an kai ƙara gaban maigari ba, to kun sami waɗanda suka riga suka ci jarrabawa. Ku sa su a tsakiyar kwamitin mangaza, ma'aji ta fito daga cikinsu. Maganar inji kuwa, buƙata ce ta gaske, duk wanda ya ji sautin daka tun kafin asuba ya san wahalar da mata ke sha. Amma inji yana cin gazuwal, yana son mai tuƙi, haƙoransa na son wasawa, kuma in akwai mai inji a garin ko a maƙwabta, sai a duba ko cinikin zai ishi biyu. Ni sai in ce musu su riƙe mangaza bana, su nuna lissafi, ribar da gudunmawar baɗi a haɗa a sayi injin, su ma su kawo wani abu daga asusunsu. Abin da mutum ya sa kuɗinsa a ciki ba ya barin sa a rana.

Na biyu a wurina shi ne roƙon majo, kuma ba ya cin kuɗi da yawa. Tun 2006 hukuma ta ɗauke kuɗin maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5, haka ma tiyatar haihuwa, amma hanya tana kan iyali. Mace na naƙuda ta gagara da tsakar dare, majo ya rubuta takardar tura ta Illela ko Tawa ko Galmi, sai a tsaya neman kuɗin man mota, a tada mai shago, a nemi wanda zai sayi akuya cikin duhu. Awannin nan da ake ɓatawa su ke kashe mata. Ku ware wani abu, ko jika 200 ne, ya zama kes na gaggawa. Kada kuɗin ya zauna a aljihun majo, don ma'aikaci ne, gobe ana iya canza masa wurin aiki, kuma bai kamata a ɗora masa zargi ba. Ya zauna wurin mutum biyu na gari da ke kwana kusa da likita. A yi magana da direba tun da rana tsaka, a san kuɗin tafiya, a ajiye lambarsa. A kai mara lafiya tukuna, bayan an sami sauƙi iyali su mayar a hankali, wanda ba shi da hali a yafe masa a rubuta cewa an yafe.

Lakwal tana ba ni tausayi ƙwarai, kuma ba na son a ji kamar na tura ta baya. Ajin zana haɗari ne. A watan Afrilu na 2021 gobara ta cinye yara kimanin 20 a wata lakwal ta unguwar Pays-Bas a nan Yamai, a watan Nuwamba na shekarar kuma aka sake yin irinta a Maradi, yara fiye da 20 suka rasu. Amma aji na siminti da kwano da tebura zai iya lashe duk abin da kuka tara, ya nemi ƙari. Abin da ya fi shi ne ku ɗauki darektan da shugaban kwamitin lakwal ku je ma'aikatar magajin gari da wurin sufeton makarantu. Tun watan Afrilu na 2024 da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi, wakilan da hukuma ta naɗa ne ke riƙe da su, amma ofis na nan, kuma tsarin ayyukan kwamin na nan. Ku tambaya ko garinku na ciki, ku ce kuna da kason da za ku kawo. Ƙungiyoyin agaji da yawa sukan nemi gari ya fara ajiye nasa kafin su saki nasu, kuma garin da ya zo da kuɗi a hannu da yashi da duwatsu a jibge ana saurin jin maganarsa. Ta haka jika 300 ɗinku na iya jawo aji sukutum. In hakan bai samu bana ba, aji na ƙasa da gayya, ku ku sayi kwano da ƙofa da taga, ya fi zana nesa ba kusa ba. Mutanen Adar da suka jera duwatsu a tsaunukan Keita don tare zaizayar ƙasa tun daga 1984, akasarinsu mata, ba za a koya musu aikin gayya ba.

Masallaci kuwa, ku buɗe masa nasa tarin daban. Ba ya rasa mai bayarwa, sau da yawa alhaji ɗaya ke ɗauke rufin gaba ɗaya in aka same shi cikin girmamawa. Kes na mai naƙuda ne ba ya samun irin wannan alhajin.

Ƙungiyar birni, ku amsa mata da mutunci, ku nemi takardunta. Ƙungiyoyi a Nijar suna tafiya ne a ƙarƙashin dokar 84-06 ta 1 ga Maris 1984, kuma mai izini ba ya jin nauyin nuna takardar izininsa. Ku da ke Yamai ko wani naku da ke Tawa ya je ofishinsu ba tare da sanarwa ba, ya ga yaran, ya ji daga maƙwabta. Akwai masu aikin Allah da gaske a cikinsu, akwai kuma wanda ƙungiyar tasa duk a cikin jakarsa take, shi da hatimi. Ko ta tabbata ta kirki ce, ku tambaye ta marayu nawa na garinku take ɗauke da su. Wanda ya kawo damensa ya kawo ne da sunan gari, ba ku da ikon fitar da shi waje sai da yardarsa. Ku ma, in ƙungiyarku ba ta da takarda, ku nema, don ku iya buɗe asusu da sunanta a banki ko a wata ma'ajiyar kuɗi, da sa hannun mutum biyu ko uku.

Samari kada a sallame su hannu wofi. Su za su yi dakon buhuna, su za su buga bulo. Baro biyu da shebur da diga, a rubuta su a matsayin kayan gari da ke hannun fada, ya isa a fara.

Yanzu maganar da ta shafe ka kai tsaye, Malam sakatare, ita ce lissafi. Kuɗin da ke zuwa ta Nita ko Al Izza ko Amana kada ya riƙa shiga da sunan mutum ɗaya ba tare da shaida ba. Duk wanda ya turo, a ɗauki hoton rasit a sa a zauren WhatsApp na ƙungiya a ranar, a bi shi da saƙon murya, domin da yawa daga cikin masu bayarwa ba sa karatun boko. Wanda ya ce a sakaya sunansa, a rubuta "wani bawan Allah" da adadin, mutum biyu su san ko wane ne. Ka kula da wani abu da ke haddasa rigima a banza: kai kana rubuta sefa, tsoho a gida yana ƙirga dala, dala ɗaya kuwa sefa biyar ce. In ka karanta "dubu biyar" kana nufin jika 5, shi abin da ya ji jika 25 ne, gobe ya ce an ci sauran. Ka riƙa faɗa da jika, ka maimaita. A karanta lissafin gaba ɗaya a bainar jama'a, a ƙofar maigari ko bayan an sauko daga Idi lokacin da ƴan bida suka dawo, har kuɗin mota da na katin waya da aka kashe. Mai riƙe kuɗi daban, mai rubutu daban, mai ba da izinin fitarwa daban, kuma kada su zama ƴan gida ɗaya. Maigari uban kowa ne, a ba shi girmansa, a sanar da shi kafin kowa, ya sa albarka, ya raba gardama in ta taso. Don ya iya raba gardamar ne ma bai kamata mabuɗi ya kasance a hannunsa ba. Ku kuma nisanta tarin nan daga siyasa: ɗan takara in ya kawo, a karɓa a rubuta kamar na kowa, ba a ba shi lasifika.

Wani abin da nake jan kunnen ƴan birni a kansa: kada ku yanke hukunci a Yamai ku aika da shi gida a waya. Kuɗinku ya fi yawa, gaskiya ne, amma su ne za su kwana da mangazar, su ne za su ji kukan mai naƙuda. Duk abin da na faɗa maka shawara ce da za ka kai gaban taron gari. Ku je da kanku, mutum biyu ko uku, a kira kowane kwamiti ya yi bayaninsa a gaban sauran, a yi wa kowa tambayoyin nan iri ɗaya. Mata in ba za su yi magana a gaban surukansu ba, a yi musu nasu zaman, a kawo abin da suka ce a faɗa da sunansu. Wanda bai samu bana ba, a faɗa masa a gaban mutane abin da zai kawo don ya shiga gaba a baɗi: lakwal ta kawo amsar sufeto da tulin yashi, mata su kawo kayen mangaza da nasu kason, a rubuta wannan alkawari a littafin ƙungiya, maigari da liman su shaida. Ku kuma bar wani abu a kes da ba za a taɓa ba, ko kashi ɗaya cikin goma, saboda ambaliya irin ta 2024 ba ta aiko da sanarwa.

Ka gaggauta tafiyar. Kowace kasuwar Badagishiri da ta ci ta wuce, tiya na ƙara kuɗi, kuma ƴan kasuwar Kwanni ba sa jiran taronku. In zaman gari zai ɗauki lokaci, ku nemi izinin maigari da dattawa ta waya a fara sayen hatsin, a ajiye a ɗakin da ba ya yoyo, da kwado biyu, sauran maganar a ƙarasa ta in kun iso.